Asali da Bunƙasar Kundin Zambo na Encyclopedia Dramatica

Sau da yawa zambo kan adana abin da marubuta tarihi suka raina. A watan Disamba na 2004 ne Ba'amurkiya Sherrod DeGrippo ta kafa Encyclopedia Dramatica, kundin intanet mai kwaikwayon Wikipedia, domin taskace rigingimun ma'abota dandalin LiveJournal. Sannu a hankali ya zama matattarar 'yan Anonymous, musamman a lokacin adawarsu da Cocin Sayantoloji a 2008. Sai dai barkwancinsa ya cuɗanya da cin mutunci da wariyar launin fata. Da ta rufe shi a Afrilun 2011, magoya bayansa suka kwafe shi suka sake kafawa. Kundin shaida ne ga manazarci, amma shaidar mazambaci ba ta karɓuwa sai da tantancewa.