Gidan Fernandez na Ikko

Tsofaffinmu da suka yi fatauci a Ikko sun san gidan Fernandez, wato Ilojo Bar, a gefen dandalin Tinubu. Wajen 1855 aka gina shi, irin ginin da 'yantattun bayi suka komo da shi daga Burazil: bene mai barandar ƙarfe, ƙofofi da tagogi a lanƙwashe tamkar bakan gizon sorayenmu. Iyalin Olaiya suka saye shi a 1933, kuma a 1956 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, doka ta hana taɓa shi.

To, ina amfanin dokar? Ranar 11 ga Satumba, 2016, jajibirin Babbar Salla, hankali yana kan raguna, aka kawo katafila aka baje shi. Yanzu mai son siffanta shi cikin labari sai ya nemi tsofaffin hotuna.