Babur da Tafiyar Dare a Hanyoyin Karkara

Galibin hanyoyin karkara na ƙasar Hausa ba injiniya ne ya shata su ba. Ƙafar ɗan Adam da kofaton jaki ne suka tsaga su tun zamanin fatauci, suna kewaye gona, suna kauce wa fadama, suna ratsawa ta gindin tsamiya inda matafiyi kan sha inuwa, kuma wannan shi ne asalin yawan lanƙwasarsu. Fataken da suka riƙa bin su zuwa Gwanja neman goro suna da ƙa'ida tabbatacciya: jagaba a gaba, madugu da ikon ayari, a yi asubanci, a yada zango tun rana na sama, balle kuma malamansu sun san hadisin da ya tsoratar da mahayi ga barin tafiyar dare shi kaɗai.

Da babur ya shigo, sai ya zama abin hawan akawu da malamin makaranta da malamin gona, har zuwa 1975, lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka cika aljihun ma'aikata, Honda da Yamaha da Vespa suka yawaita. Tsananin rayuwar da ya biyo bayan tsarin tattalin arzikin 1986 shi ya bunƙasa acaɓa, wadda mutanen Nijar ke kira kabu-kabu. Sa'an nan Jincheng da Bajaj masu rahusa suka kai ta ƙauyen da mota ba ta taɓa zuwa ba, har ya zamana mai naƙuda da wanda maciji ya sara, a bayan babur ake kai su asibiti da tsakar dare. Wannan alheri ne babba, ba mai musunsa.

Amma fitilar babur gaba take haskawa sak, alhali kuwa hanya tana karkata, kuma a cikin duhun kwanar ne amalanken shanu ke dawowa daga kasuwa ba fitila, ko garke ke tsallakawa, ko yashin da damina ta tara ke jiran taya. Gwamnati ta kafa hukumar kiyaye haɗurra a 1988, ta tilasta hular kwano a farkon 2009, har wasu suka kifa ƙwarya a ka don gudun tara, abin takaici ƙwarai. Sai dai ikonta bai cika wuce kwalta ba.

Saboda haka ilmin tafiyar dare ya tsaya a hannun dattawan sana'ar acaɓa, waɗanda ke koya wa yara a tasha cewa a taka burki tun kafin a shiga kwana, ba a cikinta ba. A rage wuta idan an hango na gaba. Kada a yi gudun da ya zarce iyakar haske, musamman cikin hazon hunturu. Kuma in an ga fitila guda tana tahowa a ba ta hanya sosai, domin sau da yawa mota ce mai ido ɗaya. A ranar kasuwa kuwa, in sun yi dare, sukan jira juna bayan sallar isha'i su taso uku ko huɗu a jere, wanda ya fi sanin hanya a gaba.