Daga Kunnen Bakanike Zuwa Na'ura: Tarihin Gano Misin a Injin Mota

Rubutunmu na wannan mako ya shafi wata cuta da kusan duk mai mota ya san ta. Ka tayar da mota ka ji tana kakkarwa, salansa na tari, ka taka totur ta ƙi ja, mai kuma yana tafiya kamar an huda tanki. Bakanikai kan ce mota tana misin, wato ɗaya daga cikin silindojin injin ta daina ƙona mai yadda ya kamata, ta bar wa sauran aikinta. Tare da injin aka haifi wannan cuta. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne hanyar gano ta.

A 1876 wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya kammala injin mai bugu huɗu, wanda a kan tsarinsa motocinmu na fetur suke har yau. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, wuta ta tashi ta tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ke nan kowace silinda tana buƙatar abu uku: haɗin mai da iska daidai gwargwado, matsi mai ƙarfi, da tartsatsin wuta a kan lokaci. Idan ɗaya ya ɓace, misin ya shigo.

Wutar ce ta fi wahalar da magabata. A 1902 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da magineto mai ƙarfin wuta haɗe da filogi. A 1910 kuma Charles Kettering na Amurka ya kawo tsarin batir da koyil da kwantak da distiributa, mai raba wa filogai wuta ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsari ya yi sama da shekara sittin yana mulki, kuma shi ne a cikin Peugeot 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, inda ya fara aiki a 1975.

A wancan zamani kayan binciken bakanike kunnensa ne da hannunsa. Zai bar mota a kunne, ya riƙa zare wayar filogi ɗaya bayan ɗaya. In ya zare ta lafiyayyar silinda, sai injin ya ƙara rawa. Wadda ya zare bai ji wani sauyi ba, to ita ce marar lafiyar. Daga nan sai ya kwance filogin ya duba bakinsa. Baƙi ƙirin a bushe yana nuna mai ya yi yawa, jiƙe da baƙin mai yana nuna ringi ko bawul sun ci, fari fat kuma mai ya yi kaɗan. In filogi da waya lafiya suke, sai a koma kan kafireto ko a auna matsi. Wannan ilimi a gareji ake gadonsa, yaro ya yi shekaru yana miƙa wa maigidansa sifana kafin kunnensa ya buɗe.

Hayaƙi ne ya kawo sauyi. Domin rage gurɓatar iska, daga 1975 akasarin sababbin motocin Amurka suka fara zuwa da katalis a jikin salansa, abin nan da ake kira indomi a garejinmu. Silindar da ke misin tana tura ɗanyen mai cikin katalis, ya ƙone a can, zafi ya narkar da shi. Saboda haka hukumomi suka buƙaci mota ta riƙa sa wa kanta ido. Jihar Kalifoniya ce ta fara, sannan daga 1996 aka wajabta tsarin OBD-II a kan duk ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Da motocin gwanjo na waɗannan ƙasashe suka cika titunanmu, tsarin ya iso mana.

Yadda yake aiki shi ne, ƙwaƙwalwar mota tana auna saurin juyawar karanshaf. Duk silindar da ta ƙi tashi, juyawar takan ɗan ragu a daidai lokacinta, sai ƙwaƙwalwar ta ajiye lamba. Bakanike ya jona na'ura a soket mai haƙora 16 da ke ƙasan sitiyari ya karanta. P0301 silinda ta ɗaya ce, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. P0300 kuwa misin ne da ba a silinda ɗaya ya tsaya ba. In fitilar gargaɗin injin tana ƙiftawa, misin ɗin ya kai matakin lalata katalis, kuma bai dace a ci gaba da tafiya ba.

A nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Lambar tana faɗin wace silinda ce, amma ba ta faɗin dalili. Sai ka ga an jona na'ura, an ce wa mai mota ya sayo koyil huɗu da nozul huɗu, a ƙarshe a fasa katalis a zubar, misin kuma yana nan daram. Alhali dabarar mutanen da tana nan da ranta. A ɗauke koyil ɗin silindar da ake zargi a musanya shi da na maƙwabciyarta. In lambar ta tashi daga P0301 ta koma P0302, koyil ne. In ta zauna, a musanya filogi, sannan nozul. In duk ba su ba ne, a nemi inda iska ke sata, a kuma auna matsi, don ƙonannen bawul ko gaskit ba sa jin maganin sabon filogi.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Shekara kusan 150 bayan Otto, tambayoyin ukun nan ne dai: akwai wuta, akwai mai, akwai matsi? Idan ka kai mota gareji aka miƙo maka jerin kayan saye, ka tambayi oga cikin ladabi wanne aka gwada, kuma me gwajin ya nuna. Bakanike na gari ba zai ji haushi ba. Allah Ya tsare mu da abin hawanmu, amin.