Tsohon Cocin Wusasa da Abin da Ya Tuna Mini Game da Hausari

Kwanakin baya na kai bandar kifi Zariya, sai wani abokin cinikina ya ce lallai in raka shi gida Wusasa mu ci tuwo. Bahaushe ne gaba da baya, amma Kirista. A can na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Wusasa tana bayan birnin Zazzau, kusa da dutsen Kufena. Asalinta daga wani likita ne ɗan Ingila, Walter Miller, na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna cikin birnin Zariya a 1905, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. Ya buɗe makaranta da ɗakin magani a Durumin Maigarke. Zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai yi wa sarakuna daɗi ba, don haka a 1929 aka koma da shi bayan ganuwa, wato Wusasa.

Cikin waɗanda suka zauna wurin akwai zuriyar Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano tun kafin zuwan Turawa, saboda yadda ya fifita zancen Annabi Isa, alaihissalam. Wasunsu sun bi Miller, aka zaunar da su a ƙauyen Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, ragowar suka tattaro Zariya.

Cocin da suka gina, mai suna Bartholomew, ginin ƙasa ne irin na maginan Zazzau, bango mai kauri, da baka a ciki kamar soron sarki. Da Hausa ake ibada a cikinsa. Idan ka fito za ka tarar da asibitin mishan, da makarantar da yanzu ake kira Kwalejin Kufena, da lungunan gidaje da zauruka kamar namu. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, wanda ya mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1975. Makarantar mishan ɗin nan ce kuma ta yaye Barau Dikko, likitan farko a Arewa.

To amma abin da ya fi tsaya mini a rai maƙabartarsu ce. Abokina ya bi da ni yana nunawa: wannan kakana ne, wannan malamin babana. Ya san wanda ke kwance a ko'ina, da garin da ya fito.

Sai na tuna gida. Shekara ɗaya bayan komawarsu Wusasa, a 1930, jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano. Gyaɗa da ƙaro da fatu da kifi suka jawo iyayenmu daga Kano, Haɗejia, Gumel, Katsina da Damagaram, suka cika Hausari, wasu suka zarce Gashuwa. Mangawa da Badawa suka ba su masauki. Wannan jirgi shi ya kawo ma'aikatan reluwe da akawuna daga Kudu, su ma suka gina majami'unsu, suka binne matattunsu a ƙasar nan. Mu da su duk baƙi ne da zama ya mayar 'yan gari.

Yau wa zai iya nuna mini inda aka kwantar da limaman farko na unguwarmu? Addininmu bai yarda da gini a kan kabari ba, wannan haka yake, kuma ba shi nake kira a yi ba. Amma bai hana katange maƙabarta ba, bai hana rubuta tarihi ba. Muna gani awaki na kiwo a kan iyayenmu, ruwan damina na zaizaye su, masu neman fili na matsowa kaɗan-kaɗan.

Kuma kabarin maƙwabci ma yana da alfarma. Ya tabbata Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya miƙe tsaye lokacin da aka wuce da gawar Bayahude.

Shawarata biyu ce. A kafa asusun katanga a masallatan unguwa. Sannan 'yan makaranta su ɗauki littafi su zauna da dattawan da suka rage, a rubuta wa ya zo, daga ina, a wace shekara, tun suna da rai.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu zuwan. Amin.