Daga Wane Ƙauye Kakanninmu Suka Taso?

'Yan uwa, a nan Sabon Ibadan in ka tambayi matashi asalinsa sai ya ce maka, "Mu Kanawa ne," ko "Mu Katsinawa ne." To, ai Kano ƙasa ce guda. Wane gari? Gidan wa? Nan ake yin shiru. Tun 1916 aka ware mana unguwar nan, gidaje da yawa sun kai ga tattaɓa-kunne, kuma sunan ƙauye shi ke fara ɓacewa.

Mutanen Ingila sun huta da wannan wahala. Tun 1538 aka umarci kowace majami'ar ƙauye ta riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Mu kuwa liman ya raɗa suna, maroƙi ya faɗa, a raba goro a watse. Dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa a duk Nijeriya ma sai a 1979 ta fito.

Duk da haka akwai takardu. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1954 ƙarƙashin Kenneth Dike, yana cikin Jami'ar Ibadan, kusa da mu, kuma fayilolin Lardin Oyo suna ciki. Amma labarin ƙauyukan Arewa sai reshen Kaduna. A can ake samun rahotannin da Turawan mulki suka rubuta lokacin da suke zagaya gunduma-gunduma don yanka haraji: sunan ƙauye, dagacinsa da waɗanda ya gada, yawan masu biyan haraji, shanu, masaƙa, marina. Sai dai fa Bature kuɗi ya je ƙirgawa. Da wuya ka ga sunan talaka, in ba ƙara ta kai shi gaban alƙali ba. Wanda ya shiga bai san ƙauyensu da gundumarsu ba, zai sha ƙura ne kawai ya fito.

Shi ya sa muke ganin a fara da tsofaffin matan gida. Maza kan riƙe sunan uba da kaka su tsaya. Mata ne suka san wa ya auri wa, daga ina aka kawo ta. Dubi Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta labarinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950. Da ka ta zayyano dangi da aure-aurensu har littafi ya cika.

Kada a ce wa tsohuwa, "Iya, a wace shekara?" Ba haka take lissafi ba. A tambaye ta abin da ya faru lokacin. In ta ce kakanmu ya baro gida da yunwar Kakalaba, to 1913 zuwa 1914 ke nan. Zuwan Turawa Kano 1903, isar jirgin ƙasa can 1911, zuwan Sarauniya 1956. A tambayi tsagen gidan da kuma abokan wasansu. Masu gadon fataucin goro su bincika ko Agalawa ne, ko Tokarawa, ko Kambarin Barebari na Gummi, don waɗannan su suka riƙe hanyar Gwanja kafin goron ƙasar Yarabawa ya ja mutane kudu. Alhassan Ɗantata kansa Ba'agale ne haifaffen Bebeji.

Sannan a buɗe adakar tsoho. Wasu malamai kan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da ajami a bayan Alƙur'ani. Tsohon rasit na haraji ma abin nema ne, don yakan nuna gundumar da aka biya. A jihohin Kano da Kaduna an soke harajin a 1979.

In sunan ƙauyen ya samu, sai tafiya. A fara gaida dagaci, shi zai haɗa mutum da liman da dattawan unguwa. A riƙe goro, kuma tun a zaure a bayyana cewa zumunci aka zo nema, don baƙon da ya taso daga Kurmi yana tambayar gonar kakansa, zato na farko shi ne rabon gado ya kawo shi.