K.R.S. Morris da Yaƙi da Cutar Barci a Arewacin Gana

A shekarun 1930, lokacin da Tamale take hedkwatar mulkin arewacin Gana, cutar barci ta addabi ƙauyukan bakin kogi. Ƙudan tsando ke yaɗa ta. Takan fara da zazzaɓi da kasala, sannan ta kama ƙwaƙwalwa ta rikita barci har mutum ya rasu.

Masanin ƙwari K.R.S. Morris ya lura cewa da rani ƙudan yakan fake a inuwar itatuwan bakin ruwa. Don haka a gundumar Lawra, arewa maso yammacin Tamale, waɗannan itatuwa kaɗai aka riƙa sarewa, ba daji duka ba. Masu kamuwa suka ragu ƙwarai.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa cutar ta daina zama barazana ga jama'ar Gana.