Daga Zane Zuwa Mita: Tarihin Ƙa'idojin Gini Mai Tsimin Makamashi

Dokar gini tsohuwar aba ce, amma shekaru dubbai damuwarta biyu ce kawai: kada gini ya rufta wa mutane, kada kuma ya ci wuta. Dokokin Hammurabi na Babila, kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, sun yanke hukuncin kisa ga maginin da gidan da ya gina ya faɗi ya hallaka mai shi. Bayan gobarar da ta lashe birnin Landan a 1666, dokar sake gina birnin ta 1667 ta wajabta tubali ko dutse a maimakon katako. Babu wanda ya tambayi yawan itace ko gawayin da gida zai ci kafin ya yi ɗumi, domin ana ganin wannan tsakanin mai gida ne da aljihunsa. Yadda tambayar ta shiga doka, ta kuma haifi takardun shaidar da ake liƙawa a ƙofar manyan gine-gine a yau, labari ne na shekara hamsin kacal. Wanda ya bi shi a tsanake zai ga cewa ci gaban gaske bai zo daga yawan lambobin yabo ba. Ya zo ne a wuraren da aka daina gamsuwa da alkawarin da ke cikin zane, aka koma karanta mita.

Tsadar mai ce ta fara farkar da hukumomi, ba kishin muhalli ba. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suka ɗora takunkumi a kan ƙasashen da suka mara wa Isra'ila baya a yaƙin shekarar, cikin 'yan watanni farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu. Turai da Amurka suka wayi gari da gidaje da ofisoshin da aka gina lokacin mai yana araha, bango siriri, taga mai gilashi falle ɗaya, ɗumi yana fita kamar ruwa a kwando. Faransa ta fitar da dokarta ta farko kan tsare ɗumin gidaje a 1974. Ƙungiyar injiniyoyin dumama da sanyaya gini ta Amurka, ASHRAE, ta wallafa ma'auninta mai lamba 90 a 1975, Jamus ta Yamma ta biyo baya a 1977, jihar Kalifoniya kuma ta fara aiki da nata ƙa'idojin a 1978. Duk waɗannan dokoki iyakar ƙasa suka shata, wato mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi. Magini kuwa, in dai ya tsallake wannan iyaka, ba shi da dalilin ƙara sisin kwabo.

Wannan giɓi ne takardar shaida ta zo cikewa. A 1990 cibiyar binciken gini ta Birtaniya, BRE, ta ƙaddamar da BREEAM, tsarin farko da ke duba sabon ginin ofis ya ba shi daraja gwargwadon sauƙinsa ga muhalli. A Amurka an kafa majalisar gine-gine masu sauƙi ga muhalli, USGBC, a 1993, ta gwada tsarinta na LEED a 1998, ta sake shi ga kasuwa a 2000. Dabarar mai sauƙi ce, kuma sauƙin ne ya sayar da ita. Ana tara maki: wasu don rage wutar lantarki, wasu don tsimin ruwa, wasu don kayan gini, iskar cikin ɗaki, kusanci da tashar mota ko jirgin ƙasa. Daga sigar 2009, maki 40 cikin 110 ke ba da shaida, 50 azurfa, 60 zinariya, 80 kuma babbar daraja ta filatinam. Ba dole aka yi wa kowa ba, amma kamfanin da ke son suna da mai gidan hayar da ke son ƙarin kuɗi sun samu abin nunawa. Sauran ƙasashe suka kwaikwaya, Japan da CASBEE, Ostareliya da Green Star a 2003, Singafo da Green Mark a 2005.

Sai dai akwai rauni a gindin tsarin, kuma bai daɗe ba ya fito fili. Makin makamashi na sabon gini ba daga takardar kuɗin wuta ake samunsa ba, tunda lokacin da ake ba da lambar, ginin bai ma fara aiki sosai ba. Daga lissafin kwamfuta ake samunsa, inda injiniya ke kwatanta zanen da wani gini na zato da ya tsaya a iyakar doka. A 2008 cibiyar New Buildings Institute ta duba gine-gine 121 masu shaidar LEED, ta ce suna cin makamashi ƙasa da matsakaicin gine-ginen ƙasar da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Masu suka suka yi ca a kan hanyar kwatancen. John Scofield, masanin kimiyyar fiziks a kwalejin Oberlin, ya sake lissafi da bayanan nan dai, ya yi la'akari da girman kowane gini da makamashin da aka ƙona tun daga tashar wuta, ya ce ofisoshin LEED ba su nuna wani ragi a zo a gani ba. Wani masanin tukunyar dumama gini a New York, Henry Gifford, har kotu ya kai majalisar USGBC a 2010, aka kori ƙarar a 2011. Ƙarar ta faɗi, amma tambayar ta zauna, kuma majalisar da kanta ta riga ta sa wa sababbin gine-gine sharaɗin miƙa bayanan wuta da ruwan da suka sha na shekara biyar.

Wani zai ce ashe takardar shaidar ado ce kawai. Wannan hukunci ya yi tsauri, kuma tarihi bai goyi bayansa ba. Shaidar ce ta sa masu fenti suka rage sinadarai masu turnuƙe ɗaki, ta sa gwada na'urorin gini kafin miƙa makulli ya zama al'ada, ta kuma horar da dubban injiniyoyi da masu zane. Abin da aka fara da son rai shi doka ta zo ta ɗauka daga baya, bayan an ga yana yiwuwa kuma bai karya kowa ba. Singafo ta mayar da matakin farko na tsarinta dole a 2008, Abu Dhabi ta wajabta darajar lu'ulu'u ɗaya ta tsarinta na Estidama ga sababbin gine-gine a 2010, biyu ga na gwamnati, dokar CALGreen ta Kalifoniya kuma ta zama tilas a farkon 2011. Hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce: Ingila ta sa wa kanta burin sababbin gidaje marasa hayaƙin kabon daga 2016, sannan ta yi watsi da shi a 2015. Amma ko inda doka ta ɗauki tsarin, da rauninsa ta ɗauke shi, domin ita ma zane take dubawa.

Tun da wuri akwai waɗanda suka bi wata hanya dabam. A 1991 aka kammala gidaje huɗu a jere a unguwar Kranichstein ta birnin Darmstadt a Jamus, bisa tunanin Wolfgang Feist da Bo Adamson, waɗanda suka zama tushen ma'aunin Passivhaus. A nan babu tara maki. Gida ba zai buƙaci fiye da awa-kilowat 15 ba a shekara don dumama kowane murabba'in mita, kuma sai an gwada shi bayan an gina. Ana rufe tagogi duka, a ɗaura ƙatuwar fanka a bakin ƙofa cikin wani ƙyalle da ya toshe ta, a zuƙe iskar gidan, a auna yadda take kutsowa ta tsagogi, wani lokaci har da hayaƙi ake bin gefen taga da ramin soket don gano inda aka yi sakaci. Aikin kafinta da na mai filasta ne ke ci ko faɗuwa a ranar, ba iya rubutun injiniya ba. Ostareliya ta wuce nan. Tsarin da ya fara a jihar New South Wales a ƙarshen shekarun 1990, wanda ake kira NABERS yanzu, yana ba ofis taurari ne bisa takardun kuɗin wuta na wata goma sha biyu, darajar kuma tana ƙarewa bayan shekara. Daga 2010 doka ta tilasta wa mai sayarwa ko mai ba da hayar babban ofis ya bayyana taurarinsa a cikin talla. Cin makamashin irin waɗannan ofisoshi ya yi ta raguwa shekara bayan shekara.

Masu zane suna da ƙorafi mai ma'ana: ba su ne ke barin fitilu a kunne cikin dare ba, ba su ne ke cika bene da kwamfutoci ba, to me ya sa za a auna su da halin ɗan haya? Amsar Ostareliya ita ce raba mita. Abin da ke hannun mai gini, kamar na'urar sanyaya iska da lifta da fitilun baranda, lissafinsa dabam, na ɗan haya ma dabam. Birnin New York ya ɗauki mataki mafi zafi. Ya fara da tilasta wa manyan gine-gine bayyana abin da suka sha a 2009, sannan a 2019 dokarsa mai lamba 97 ta sa musu iyakar hayaƙi daga 2024, da tarar dala 268 a kan kowane tan da ya haura.

Mita ma ba komai take gani ba. Hayaƙin da aka fitar wajen ƙona siminti, wanda shi kaɗai ya kai kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na kabon da duniya ke fitarwa, ya riga ya tashi sama kafin a ja wuta zuwa gidan. Shi ya sa dokar Faransa ta RE2020, da ta fara aiki a 2022, take ƙirga kayan gini, haka ma tsarin EDGE da hukumar IFC ta Bankin Duniya ta ƙirƙiro don ƙasashe masu tasowa, mai neman ragin kashi 20 a wuta da ruwa da kayan gini. Najeriya ta fitar da kundin gini na ƙasa a 2006, da ƙa'idar tsimin makamashi a gini a 2017 tare da tallafin hukumar GIZ ta Jamus, wadda ta taɓo faɗin tagogi da inuwarsu, abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, fitilu da na'urar sanyaya ɗaki. Amincewa da zanen gini kuwa a hannun jihohi yake, sai sun ɗauka ƙa'idar za ta hau kan magini. Auna abin da ginin ya ci ma yana da tasa wahalar a nan, domin kaso mai yawa na wutar ofis daga janareta yake zuwa, lissafinsa yana cikin rasit ɗin dizal, ba a fuskar mita ba.